Yadda Ake Amfani da Kalmar Demote a Takardar Ofis, Fassara da Jarrabawa

Kalmar *demote* aikatau ce ta Turanci. Ma'anarta a saukar da mutum daga matsayin da yake kai zuwa wanda ke ƙasa da shi, amma yana nan bakin aikinsa. Wannan "yana nan bakin aikinsa" shi ne rabin ma'anar, kuma shi aka fi mantawa. Wanda aka yi wa haka gobe da safe zai sa hannu a rajistar zuwa aiki, ƙarshen wata zai ga albashi, sai dai albashin ya ragu, kuma mai yiwuwa wanda yake ba umarni jiya shi zai riƙa ba shi umarni yau.

A Bauchi da Gombe, inda aikin gwamnati da koyarwa suke riƙe da gidaje masu yawa, kalmar ta wuce ta littafin makaranta. Tana fitowa a takardun Hukumar Kula da Ma'aikata, a sanarwar 'yan sanda, a labaran da ake fassarawa a gidajen rediyo, da kuma tambayoyin WAEC da NECO da JAMB. Kuskure ɗaya a cikinta kan kifar da magana gaba ɗaya. Sai a wayi gari wanda aka hukunta ya zama shi ne mai hukuncin, ko a shelanta wa duniya an kori magidanci alhali mataki ɗaya aka rage masa.

Kalmar ba ta kai 'yar'uwarta *promote* daɗewa ba. Ita *promote* daga Latin ta fito, inda *pro* ke nufin gaba, *movere* kuma motsawa. A ƙarshen ƙarni na 19, a Amurka, aka cire *pro* aka liƙa ɗafa-goshin *de* mai nuna saukowa. Amfanin sanin wannan shi ne ya ba ka ma'auni: duk gurbin da *promote* ta zauna a jimla da ma'anar ƙarin girma, *demote* ma za ta zauna. Idan ka rubuta jimla kana kokwanto, cire *demote* ka sa *promote*. In jimlar ta tsaya da ƙafarta, ginin daidai yake. In ta karkace, akwai gyara.

## Mataki na farko: tabbatar abin da ya faru rage matsayi ne

Kafin ka taɓa nahawu, tambayi kanka abu uku. Akwai tsani mai hawa-hawa da kowa ya san shi? An mayar da mutumin hawan da ke ƙasa? Wani mai iko ne ya yi masa, kuma bai bar aikin ba? In amsar duka ukun "e" ce, *demote* ce kalmarka. In ɗaya ta faɗi, nemi wata.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bambancin muƙami da matsayi. Muƙami kujera ce da ake ba mutum ya riƙe: hedimasta, shugaban sashe, ma'aji. Matsayi kuwa shi ne matakin albashinsa, abin da ma'aikata ke kira lebul. Ɗauki hedimastan wata firamare a Misau da ke lebul 12. Idan aka karɓe makarantar daga hannunsa aka mayar da shi aji, amma lebul ɗinsa da albashinsa ba su motsa ba, a bakin mutanen gari an rage masa girma, a takardar hukuma kuwa ba a rage masa komai ba. Abin da za a rubuta shi ne *He was relieved of his post as headmaster* ko *He was redeployed to the classroom*. Sai an taɓa lebul ɗin ne za a ce *He was demoted*.

Haka yake a jami'a. Malamin da ya gama wa'adinsa na shugabancin sashe a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Jami'ar Tarayya ta Kashere ya koma koyarwa, ba a rage masa komai ba, wa'adi ne ya cika. Amma in aka mayar da shi daga *Senior Lecturer* zuwa *Lecturer I*, wannan rage matsayi ne tsantsa. Wanda ke riƙon ƙwarya ma, in aka naɗa mai kujerar ya koma inda yake a da, Turancinsa *He reverted to his substantive post*.

Sai kuma bambancin lebul da sitef. Kowane lebul yana da sitef-sitef a cikinsa, waɗanda ake hawa duk shekara da ɗan ƙarin albashi. Idan aka hana mutum ƙarin albashin shekara, wannan *deferment of increment* ne ko *withholding of increment*. Idan aka mayar da shi daga sitef 6 zuwa sitef 4 a cikin lebul ɗaya, albashi aka rage, *reduction in salary*. Matsayinsa yana nan.

Akwai wani abu da mai rubuta takarda ya kamata ya riƙe: a tsarin albashin ma'aikatan gwamnati na gama-gari, wanda ya tashi daga lebul 01 zuwa 17, babu lebul 11. Daga 10 ake tsallakawa zuwa 12. Don haka wanda ke 12 in aka rage masa mataki ɗaya, 10 zai koma. Mai fassarar da bai san wannan ba sai ya ga 12 da 10 ya ce matakai biyu aka rage, ya ninka wa mutum hukunci a kunnen jama'a. Kuma mataki ɗayan nan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda na jihohi galibi suka ɗauko tsari daga gare su, mafi ƙarancin zama kafin ƙarin girma shekara 2 ne ga lebul 06 zuwa ƙasa, shekara 3 ga lebul 07 zuwa 14, shekara 4 ga lebul 15 zuwa 17. Wanda aka dawo da shi baya mataki ɗaya, gumin shekaru aka ɗebe masa.

## Mataki na biyu: siffofi, furuci da rubutu

Wannan ba shi da wuya. Siffofin aikatau ɗin huɗu ne: *demote*, *demotes*, *demoted*, *demoting*. Sunan da aka samo daga gare shi *demotion*. Harafin *t* ɗaya ne a ko'ina, kuma *e* na ƙarshe yana faɗuwa kafin *ing*. Wanda ya rubuta *demotted* ko *demoteing* ya yi kuskure.

A furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu: di-MOT, da dogon wasali irin na *note* da *vote*, ba tare da ƙara wasali a ƙarshe ba. *Demoted* gaɓa uku ce, di-MO-tid, domin duk aikatau da ya ƙare da sautin *t* ko *d* yana samun ƙarin gaɓa a shuɗaɗɗen lokaci. *Demotion* kuma di-MO-shan. A kula da masu kama da ita a ido: *denote* nuni ne, *devote* sadaukarwa, *demotivate* kashe gwiwa. Na'urar gyaran rubutu ba za ta ja maka layi a ƙarƙashinsu ba, tunda kowacce kalma ce sahihiya, sai ka duba da idonka.

## Mataki na uku: ginin jimla

Nan ne aikin yake, kuma nan Hausarmu take jan hannunmu ba mu sani ba.

Dubi wannan jimla: "Hukumar ta rage wa jami'in matsayi." Abu uku ne a ciki ban da aikatau ɗin: hukuma mai aikatawa, matsayi wanda shi aka rage, da jami'i wanda abin ya faɗa wa. A Hausa matsayin ne karɓau, wato abin da ya karɓi aikin kai tsaye, mutumin yana shigowa ta hanyar "wa" ko "masa". Turanci bai bi wannan hanya ba. *Demote* ta riga ta haɗiye matsayin a cikinta, sai mutumin da kansa ya zama karɓau: *The Commission demoted the officer*. Shi ke nan, babu abin ƙarawa.

Daga wannan saɓani ne kurakurai uku suke fitowa, kuma ana ganinsu har a rubutun masu digiri: *They demoted his rank*, da *They demoted him his rank*, da *They demoted for him*. Duka ukun "sun rage masa matsayi" ce aka ɗora wa kalmomin Turanci. Gwada ma'aunin da muka ambata: ba wanda zai ce *They promoted for him*. In har kana son kalmar *rank* ta fito, canza aikatau ɗin: *They reduced his rank*, ko *He was reduced in rank*.

Na biyu shi ne batun "an". Bahaushe in bai so ya ambaci mai aikatawa ba, sai ya ce "an rage masa matsayi". Turanci yana yin wannan ne da wani nau'i na *be* haɗe da *demoted*. Ga yadda suke faɗuwa a kan juna:

An rage masa matsayi jiya: *He was demoted yesterday*.
An rage masa matsayi, ba a faɗi yaushe ba: *He has been demoted*.
An rage musu matsayi: *They were demoted*.
Za a rage mata matsayi: *She will be demoted*.
Ana iya rage maka matsayi: *You may be demoted*.
Bai kamata a rage masa matsayi ba: *He should not have been demoted*, in an riga an yi, *He should not be demoted*, in ba a yi ba tukuna.

Kuskure mafi muni a nan shi ne yar da *was* ko *been*. Wanda ya rubuta *He demoted* ko *He has demoted* ya ce shi mutumin ne ya rage wa wani matsayi, kuma mai karatu zai tsaya yana jiran jin wa ya rage wa. *Demote* aikatau ne so-karɓau, ba ya tsayawa shi kaɗai. Ka yi tunanin ma'aikaci ya rubuta koke ya ce *I demoted in March*. Ya tafi neman a share masa hawaye, ya ɓuge da rubuta cewa shi ne ya yi aika-aikar.

Wasu kan kauce wa wannan su ce *They demoted him*. Nahawun bai karye ba, kuma a hira ya wadatar. Amma a takardar ofis ko rahoton jarida *they* tana jawo tambayar "su wa?". Ko dai ka ambaci hukumar da sunanta, ko ka koma *He was demoted*.

A kula kuma da *was* da *has been*. In ka ambaci lokaci, jiya ko makon jiya ko watan Maris, *was* ce. *He has been demoted last week* kuskure ne da masu duba jarrabawa ba sa yafewa.

Na uku, ƙananan kalmomin da ke biyo baya. Kowacce da aikinta:

*From* tana nuna inda aka ɗauko shi, *to* inda aka ajiye shi, kuma *from* ce ke fara zuwa: *She was demoted from Grade Level 09 to Grade Level 08*. Ana iya barin *from* a riƙe *to* kaɗai: *He was demoted to corporal*. Sunan matsayi ba ya buƙatar *a* a gabansa. Ko ka ce *to corporal*, ko ka cika ka ce *to the rank of corporal*. Kada ka sa *into*.

*For* ita ke ɗauke da dalili, kuma abin da ke binta ko suna ne ko aikatau mai *ing*: *for negligence*, *for absenting himself from duty*. Ba a cewa *for he came late* ko *for to come late*. In cikakkiyar jimla kake son kawowa a matsayin dalili, *because* za ka ɗauka: *because he came late repeatedly*.

*By* aiki biyu take yi. Takan nuna wanda ya yanke hukuncin, *by the Commission*, takan kuma nuna yawan abin da aka rage, *by one grade level*. Kada ka jera su biyun a jimla ɗaya, suna rikita mai karatu.

*Down* da *back* ba su da gurbi. *Demoted down* maimaici ne, saukowar tana cikin kalmar tun asali.

In aka harhaɗa duka, jimlar ofis cikakkiya ga yadda take: *The officer was demoted from Grade Level 12 to Grade Level 10 for negligence of duty, with effect from 1 March*. Jerin shi ne mutum, hukunci, daga ina, zuwa ina, dalili, ranar fara aiki. Riƙe wannan jeri, ka riƙa canza abin da ke cikin gurabun.

Sunan *demotion* ma yana da abokan tafiyarsa. Ana cewa *He faces demotion*, wato rage matsayi na jiransa, ko *He suffered a demotion*, ko *The panel recommended his demotion*. "An yi masa" ɗinmu kan haifar da *They did him demotion*, wadda ba Turanci ba ce. Kuma mutum ba ya yi wa kansa. Wanda ya sauka don raɗin kansa *He stepped down* ake cewa, wanda ya yarda ya karɓi ƙaramin aiki kuma *He accepted a lower post*.

## Mataki na huɗu: rarrabe ta da maƙwabtanta

*Dismiss* kora ce, an raba mutum da aikin gaba ɗaya, kuma haƙƙoƙinsa na barin aiki sun shiga haɗari. *Compulsory retirement* ritayar dole. *Suspend* da *interdict* duka dakatarwa ce kafin a gama bincike, amma a ƙa'idojin tarayya ba ɗaya suke ba: wanda aka yi wa *interdiction* yana karɓar rabin albashi, wanda aka yi wa *suspension* albashinsa yana tsayawa. Babu ɗaya cikinsu da ya taɓa matsayi. *Transfer* da *redeploy* canjin wurin aiki ne. Ko da an ɗauke mutum daga hedikwata a Gombe an kai shi wani ƙauye a ƙaramar hukumar Dukku don a ladabtar da shi, muddin lebul ɗinsa bai sauka ba, *transferred* aka yi.

*Degrade* ita ce mai haɗari. Saboda tana ɗauke da *grade*, sai a zaci rage lebul take nufi. A Turancin yau wulaƙantawa ce ko lalacewa, kamar yadda zaizaya ke lalata ƙasa. Wanda ya rubuta *My boss degraded me* ya zargi shugabansa da ci masa mutunci. *Downgrade* kuwa ta fi zama a kan abubuwa da kujeru da hukumomi: a rage darajar asibiti, ko ta masarauta daga daraja ta ɗaya zuwa ta biyu, ko a sake auna wata kujera a ce ba ta kai lebul ɗin da aka ba ta ba. Bayan tantance ma'aikata, in aka gano an ɗora mutum a lebul ɗin da takardunsa ba su kai ba aka gyara masa zama, takarda takan ce *regraded* ko *properly placed*. A aljihu zafin ɗaya ne, amma a fayil ɗinsa akwai bambanci: wannan gyara ne, *demotion* kuwa hukunci ne da ke bin mutum.

Sarki ba a yi masa *demote*. Tuɓe shi ake yi, *depose* ko *dethrone*, kamar yadda jaridun Turanci suka rubuta a watan Maris na 2020 lokacin da gwamnatin Kano ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi II. Gwamna ko shugaban ƙasa kuma majalisa ce ke tsige shi, *impeach*.

A ƙwallo kalmar ita ce *relegate*. Lokacin da Wikki Tourists ta faɗo daga babbar gasar Najeriya a 2023, da lokacin da Gombe United da Doma United suka faɗo a 2024, abin da ya dace a rubuta shi ne *were relegated*, domin ƙarancin maki ne ya kai su rukunin 'yan dagaji, ba wani ya zauna ya hukunta su ba. Inda *demoted* ta fi dacewa da ƙungiya shi ne in hukuma ce ta tura ta ƙasa a matsayin horo, irin abin da ya sami Juventus a Italiya a 2006. *Relegate* tana da wani amfanin kuma a wajen fili: *He was relegated to the background*, wato an mayar da shi saniyar ware, ana shawara ba a nemansa, alhali lebul ɗinsa na nan daram.

A makaranta, yaron da aka bari a ajinsa ya sake shekara *He repeated the class* ne. Sai wanda aka ɗauke daga aji uku aka mayar aji biyu za a ce *He was demoted*. Iyaye da malamai suna yawan gauraya su.

Ɗalibin da ke shirin jarrabawa zai haɗu da wannan a sashen neman kishiyar kalma. Misali a ba shi *The hardworking clerk was promoted while the lazy one was* sannan a jera masa *dismissed*, *suspended*, *demoted*, *transferred*. Duka huɗun suna iya samun malalacin akawu, amma ba abin da zai iya faruwa ake tambaya ba, kishiyar *promoted* ake nema, kuma ita ce mai saukar da mutum a tsanin da ɗaya ya hau.

## Mataki na biyar: in za ka mayar da ita Hausa

Ga ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, "an rage masa matsayi" ko "an rage masa girma" sun fi tsafta, tunda kishiyarsu "ƙarin girma" ce da kowa ya sani. Ga ɗan sanda ko soja, Hausa tana da nata kalmomin da suka fi ratsa kunne: ƙananan jami'ai igiya ake rage musu, saje mai igiya uku ya koma kofur mai biyu, manya kuma anini. Ka guji "an sauke shi" ita kaɗai, domin mai sauraro zai ɗauka an raba shi da kujera ne ko ma da aikin. "An ƙasƙantar da shi" kuma ra'ayi ne ka shigar cikin labari.

Kanun labaran Turanci suna da tarkonsu. Ana yar da *was* da *were* don a rage tsawo, sai a ga *Two officers demoted*. Ma'anar ita ce an rage wa jami'ai biyu matsayi, ba su suka rage wa wani ba. Muna kyautata zaton daga irin wannan kanu ne ɗalibai da yawa suke kwaso *He demoted*, suna ganinsa a jarida su ɗauka haka ake rubutawa a cikin jimla. Kanu mai *demotes* kuwa, kamar *Commission demotes two officers*, abin da ya riga ya faru yake ba da labari, don haka "ta rage" za ka ce, ba "tana ragewa" ba. In ka ga *to demote*, ba a yi ba tukuna: "za ta rage".

Sanarwar ladabtarwa kan jero hukunci iri-iri a jimla ɗaya: wasu an kore su, wasu an yi musu ritayar dole, wasu an rage musu matsayi, wasu kakkausan gargaɗi kawai aka yi musu. Ka ware kowane rukuni da adadinsa kafin ka fara fassara. Kada ka dunƙule su a "an hukunta" a kanu sannan ka bar su a dunƙule a cikin labarin, mutanen nan suna da iyali da maƙwabta da ke sauraro.

Kalmar ta shiga wasu wuraren da ba na ma'aikata ba. A 2006, da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi ta sa ta cikin ƙanana, jaridu *demoted* suka yi ta rubutawa. A Microsoft Word da PowerPoint akwai umarni mai wannan suna da ke mayar da babban kai ya zama ƙarami a cikin jeri. Maɓallin Tab ke yin sa, Shift da Tab kuma su dawo da shi sama. Facebook na amfani da kalmar ga rubutun da ya rage wa yaɗuwa ba tare da ya goge shi ba. A nan ma ma'anar ba ta canza ba: abin yana nan, an dai yi ƙasa da shi.

## Mataki na shida: in takardar ta zo hannunka, ko kai za ka rubuta ta

Abu na farko, kada ka tsaya neman kalmar *demote* a cikin takardar hukuma. Sau da yawa ba za ka gan ta ba. Lafazin da ƙa'idojin aiki da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda suka fi amfani da shi shi ne *reduction in rank*. Abu ɗaya ne.

Ka karanta takardar da biro a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin abu biyar: hukumar da ta yanke hukuncin, lebul ɗin da kake da wanda aka kai ka, sitef ɗin da aka ajiye ka a sabon lebul, ranar da hukuncin ya fara aiki, da laifin da aka ambata. Sitef ɗin ne aka fi barin sa a buɗe, kuma shi ke yanke yawan abin da zai shiga asusunka. In takardar ta yi shiru a kansa, nemi bayani a rubuce kafin ofishin albashi ya yanke da kansa. Ranar ma ka dube ta da kyau. In an mayar da ita baya, mai yiwuwa a ce ka ci albashin da ya wuce naka a fara zare maka bambancin.

Batun wanda ya sa hannu ba ƙarami ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 197 da jadawali na uku, ya kafa wa kowace jiha Hukumar Kula da Ma'aikata, ya ba ta ikon ɗauka da kora da ladabtarwa. Tana iya wakilta wani, amma shugaban sashe ba ya tashi da ɓacin rai ya rage wa mutum lebul da bakinsa. Sannan akwai haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, wanda sashe na 36 ya tanada. A aikace wannan yana nufin takardar neman ba'asi, wato kweri, da aka fayyace laifin a ciki, aka ba ka wa'adin amsawa. In kweri ya zo, amsa shi cikin wa'adin da aka rubuta, ko awa 24 ne ko 48 ko 72. Shiru ba ya kare kowa, ana ɗaukarsa a matsayin ba ka da abin cewa.

In za ka ɗaukaka ƙara, jimlar farko ta faɗi komai: *I write to appeal against my demotion from Grade Level 12 to Grade Level 10, conveyed to me in your letter of 5 March*. Lura da *appeal against*, ba *appeal for* ba. Wanda ya rubuta *I appeal for my demotion* roƙo yake a rage masa matsayi. Sai dalilanka, kowanne a sakin layinsa, da hujjarsa a haɗe: *I was not issued a query*, ba a ba ni takardar neman ba'asi ba, *I was not given an opportunity to defend myself*, ba a ba ni damar kare kaina ba. Ka rufe da abin da kake nema, a fayyace: *I request that the decision be reviewed and my rank restored*. Kalmar mayar da mutum matsayinsa ita ce *restore* ko *reinstate*. Kada ka ce *promote me back*, domin ba ƙarin girma kake nema ba, naka kake nema a dawo maka da shi, kuma bambancin yana shafar lissafin shekarunka da bashin albashin da za ka biyo.

Takardar ta bi ta hannun shugabanka na kusa, da *Through* a saman adireshi kamar yadda aka saba a ofis. Ka sanar da ƙungiyarku, ta malamai ce (NUT) ko ta ma'aikatan gwamnati, tun da wuri. In hanyoyin cikin gida suka ƙare, shari'ar da ta shafi aiki da ma'aikata tana hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa bisa sashe na 254C, kuma tana da reshe a Bauchi. Kafin ka kai can ka ga lauya, ka tafi masa da takardar ɗaukarka aiki, ta ƙarin girmanka na ƙarshe, kwerin da amsarka, da takardar hukuncin.

Duk takardar da za ka miƙa ka yi ta kwafi biyu. Ɗaya ta shiga rajista, ɗayar a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun akawun da ya karɓa, ka tafi da ita gida.